Tiyo Ta Rariyar Gidan Malam Hudu

Kwanakin baya wani daga cikinku matasa, sabon sakataren wata ƙungiyar manoman tumatir, ya same ni a rumfata da waya a hannu. Ya ce in duba masa yarjejeniyar da ya haɗa tsakanin ƙungiyarsu da ta masu motocin ɗaukar kaya, wai kafin shayinsa ya huce ya gama ta. Na karanta. Gaskiya rubutun ya yi kyau, ya ma fi nawa tsari. Sai na tambaye shi ko ya zauna da direbobin. Ya ce a'a, ai sa hannu kawai za a kai musu su yi. Na miƙa masa wayarsa na ce ya je ya ƙarasa shan shayinsa. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda sana'ar nan take, tunda kun ɗauka buga rubutu ce kawai, ku kuma kun fi mu saurin yatsa.

Sunana Isiyaku, amma daga Kura har Bunkure Akawu aka sani. A wajen Malam Barau na koyi aiki, wani dattijo mai tafireta da yake kafa teburinsa a gindin darbejiya kusa da kotu. Kayan aikinsa ba su da yawa: tafireta, takardar kabon, tawadar dangwale, da wani tsumma da masu dangwala yatsa suke gogewa, wanda har ya rasu ban ga an wanke shi ba. Na daɗe a wajensa bai bar ni na taɓa tafiretar ba. Aikina in zauna in saurara. Idan masu aron gona ko masu hayar injin ban-ruwa suka gama bayani suka koma gefe, sai ya ce in maimaita masa abin da kowa ya faɗa. Idan na gama, sai ya ce to saura abin da ba su faɗa ba. A lokacin haushi nake ji, ina ganin tsoho yana wahalar da ni ne don kada in iya in ƙwace masa kwastomomi.

Idan ya gama bugawa, da ƙarfi yake karantawa, idonsa ba a kan takardar ba, a kan fuskokin mutanen. Duk wanda ya sunkuyar da kai ko ya fara sosa ƙeya a wani layi, Malam Barau zai rufe tawada ya ce ba a gama magana ba, a koma baya. Na ga ya yini a kan layi ɗaya tsakanin wani manomi da wani makiyayi, a kan ranar da shanu za su shiga cin karan gona bayan girbi. Ni yunwa ta ishe ni, su ma ta ishe su, shi kuwa ko a jikinsa.

Aikin ƙungiyoyi daga baya ya zo, kuma baƙar shekara ce ta kawo shi. Ana tsakiyar noman rani, shinkafa ta fara fitar da kai, sai bangon wani kanal, wato babbar hanyar ruwan da ake ba gonaki, ya ɓalle ta wajen Bunkure. Kafin nan an sha yin taro, ƙungiyar manoma da ta masu injin casa da ta makiyaya, kowa ya tashi ya ce in wani abu ya faru muna tare, an tafa, an yi fatiha. Kuma ba ƙarya suka yi ba, da abin ya faru kowa ya zo. Ban taɓa ganin taron jama'a a bakin kanal irin na ranar ba. Sai dai kowa da fartanya da shebur ya zo. Babu wanda ya kawo buhu ko ɗaya da za a ɗura ƙasa a tare ruwan, alhali masu casa suna da su jibge a ɗakuna. Makiyaya sun zo da amalanke, babu wanda ya ce musu ga inda za a ɗebo yashi. Mafi ciwo, babu wanda ya je ya gaya wa mai kula da ƙofar ruwa ya rufe ta sama, kowa yana tsammanin wani ya tafi. Muna tsaye da shebur muna salati, ruwa ya kwashe gonakin gangare. Mutane da yawa ba su ga ko irin shukawa ba a shekarar.

Tun daga nan aka fara zuwa wajena a rubuta shirin ko-ta-kwana tsakanin ƙungiya da ƙungiya: in kaza ya faru, wa zai kira wa, wa zai kawo me, daga ina. Kuna jin haka za ku ce ai mai sauƙi ne. To ku je ku gwada zama a gaban dattawanmu ku ce, idan kanal ya sake ɓallewa. Kafin ku rufe baki gaba ɗaya za su ce Allah ya kiyaye, wani ya ɗaga hannu a yi addu'a, ana shafawa kowa ya nemi takalminsa, taro ya tashi. Mutanenmu ba su da rowar taimako, amma ambaton masifa tun ba ta zo ba, a wajensu mugun fata ne. In ka matsa sai su ce a rubuta za su taimaka gwargwadon iko, wanda da shi da babu duk ɗaya. In ka samu aka wuce nan, sai a tsaya rigimar sunan wace ƙungiya za a fara sawa a sama. A kan wannan aikin aka laƙaba min mai baƙin baki, har yau akwai masu canja hanya in sun hango ni da jaka a hammata.

Aikin da ya fi cin raina, wanda nake so ku ji da kyau, na gidan Malam Hudu ne. Malam Hudu manomin albasa ne a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, yana da ƙaton gida wanda bayansa yake kallon kanal. Matarsa Tasalla 'yar kawuna ce, saboda haka abokiyar wasata ce, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa, kuma a cikin gidan suke aikinsu. Wanda bai taɓa ganin aikin ba, ga yadda yake. Ana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a turara ta a rabin duro a kan murhu, a shanya, sannan a kai inji. Da ɓuntun shinkafa da kara suke hura wuta, ga ɓuntun nan tsibi-tsibi a rumfa, ga ɗakuna cike da buhunan 'yan kasuwa da manoma da aka ba su amana. Shi kuwa ɓuntu in ya kama ba ya nunawa, ta ƙasa yake ci, sai iska ta taso ka ga abin da ba ka zata ba.

A ƙofar gidan an rubuta ba shiga da manyan baƙaƙe. Wannan rubutun shi ne jarin ƙungiyar, don mazajen unguwa sun bar matansu suna zuwa aiki ne saboda sun san babu namijin da yake wuce soron Malam Hudu. Da wannan aikin matan suke sayen sabulu da magani, suke yi wa 'ya'yansu hidima, kuma babu wani gida a ƙauyen mai fili da kusancin ruwa da zai ɗauke su.

Wata rana Tasalla ta aiko in je. A soro muka zauna. Ta ce jiya tartsatsi ya kama wata tabarma da gefen rumfa, da bokiti suka kashe, amma gabanta bai daina faɗuwa ba. Tana so a rubuta tsakaninsu da ƙungiyar masu injin ban-ruwa, in wuta ta tashi su kawo inji da tiyo su ja ruwa daga kanal. Na ji daɗi, don ita kaɗai ce a rayuwata ta kira wuta da sunanta ba tare da na roƙe ta ba.

Shugaban masu injin, Sale, bai ba ni wahala ba, don shi ma shinkafarsa a gidan ake turarawa. Muka zauna da mutanensa da 'yan kurkura, masu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Aka tsayar da injin da zai riƙa zama kusa, aka ware galan ɗin mai da babu wanda zai taɓa ko da gonarsa tana bushewa, aka faɗi wanda Tasalla za ta kira da wanda za a kira in wayar wancan a kashe take. Na karanta musu irin karatun Malam Barau, babu wanda ya sosa ƙeya. Sai na ce kafin a dangwala sai an yi gwaji. Aka yi ta gunaguni, wai Akawu ya fara, amma aka yarda.

Ranar gwajin komai ya tafi daidai har na fara murmushi. Tasalla ta kira, kurkura ta iso da inji, samari suka warware tiyo suka nufi ƙofa da gudu. Suna isa soro sai suka ja birki. Na gaba ya gyara hula ya yi sallama. Aka amsa daga ciki. Ya tambaya ko maigidan yana nan, aka ce yana gona. Shi ke nan, suka tsaya cirko-cirko da tiyo a hannu suna kallona. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Sale haka za su yi ta sallama har gida ya ƙone?

Ya ce, "Akawu, gidan mutane ne. Ka samo mana izinin maigida a rubuce, kada gobe a ce mun keta masa gida."

Da gaskiyarsa. Na ɗauki jakata na tafi wajen Malam Hudu, na same shi a rumbun albasa yana ware ruɓaɓɓu. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce shi amanar matan mutane ya ɗauka, bai karɓi ko sisi a kan gidansa ba, kuma ba zai sa yatsansa a takardar da ta buɗe wa maza ƙofarsa ba. Na ce sai in wuta ta tashi ne fa kawai. Ya ce Allah ya kiyaye, ya tofar da yawu gefe, ya ce ashe abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne, har gida nake bin mutum in kira masa masifa. Na danne zuciyata na sake bayani. Sai ya ɗago ya tambaye ni wata tambaya da har yau ban samo amsarta ba.

"Gidan da hayaƙi ba ya yankewa daga safe zuwa yamma, wa zai bambance min na aiki da na gobara? Duk ɗan iskan da ya ga dama ya faɗo min gida ya ce hayaƙi ya gani, ga takarda a hannunsa?"

Na kai maganar wajen mai unguwa, muka ɗauki liman muka koma. Liman ya yi masa bayanin lalura da kyau. Malam Hudu ya ce ya ji ya kuma yarda, ba zai hana a ceci rai ba, amma kowa ya shaida: duk ranar da namiji ya taka cikin gidansa, da dalili ko babu dalili, ranar aikin turara ya ƙare a gidan, kowace mace ta ɗauki duronta. Wasu daga cikin mazajen matan suna wajen, suka ce su ma maganarsu ke nan. Na tashi na kakkaɓe rigata ina jin kamar in jefa jakar a kanal. Yanzu in wuta ta zo aka tsaya, ta cinye wajen aikin matan da amanar mutane. In aka shiga aka kashe, Malam Hudu ya rufe wajen. Ta kowace hanya su Tasalla ne a ƙasa.

Takardar ta zauna a jakata ba dangwale har zafi ya shigo, iskar bazara ta fara kaɗawa. Duk lokacin da na wuce ta bakin kanal na ga hayaƙi yana tashi daga gidan, sai in kawar da kai. Na sake rubuta layin izinin ta fuskoki daban-daban, na ce dattawa kawai za su shiga, na ce sai mai unguwa yana gaba, Malam Hudu ya ce bai yarda ba, ko limamin ne da kansa. Na je masa da safe, na je masa da yamma, har ya fara cewa a ce min ba ya nan alhali ina jiyo tarinsa.

Tasalla ce ta sake aikowa. Ina zama ta fara, wai ashe duk tafiretar nan da jakar nan ta ado ce, tsoho ɗaya mai albasa ya gagare ni. Na ce ai ita ta aure shi, ta san irin kayan da ta ɗauko. Ta yi dariya, sannan ta gyara mayafi ta ce in ba ta amsa.

"Wai Akawu, me ake so ya shiga gidan nan, ruwan ko mazan?"

Na ce ruwan. Ta ce to in zagaya bayan gida ta wajen kanal in duba gindin katanga. Na zagaya. Akwai rariya a wajen, ramin da ruwan jiƙon shinkafa yake fita ta cikinsa, faɗinsa ya isa tiyo ya wuce. Nufinta maza su tsaya a waje da injinsu, su zura tiyo ta rariya, mata su kama daga ciki su kashe wutarsu da kansu. Na dawo na ce mata tiyon injin ban-ruwa ba butar alwala ba ce, in ruwa ya taho yana fizgar ƙato. Ta ce matan da suke sauke rabin duro cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa daga kan wuta nake gaya wa nauyi? Wata da watanni ina fama da ƙofar gaba, ban taɓa duba gindin katangar baya ba.

Abu ɗaya na kafe a kai, ita ma ba ta yi musu ba. In abin ya fi ƙarfinsu ko rai yana cikin haɗari, ita da kanta za ta buɗe ƙofa ta kira maza, sana'a ta tafi in za ta tafi. Aka ƙara cewa da an ga wuta, wata tsohuwa a cikinsu za ta fara fitar da yara waje. Tunda na waje ba sa ganin na ciki, aka shirya za a riƙa buga duro: bugu da sauri a ƙara ruwa, bugu a hankali a rage.

Malam Hudu ya zo ya tsuguna a gaban rariyar nan ya daɗe yana kallonta, har da leƙawa, don ya tabbata ido ba zai hango tsakar gida ta nan ba. Ya miƙe ya ce zai dangwala, amma da sharaɗi, kada sunan abin ya fito a takarda. A rubuta idan abin da ba a fata ya faru. Na ce Malam Hudu, abin da ba a fata ai da yawa yake, har da zuwan surukai. Bai yi dariya ba. Na gaji, na rubuta masa yadda yake so, na karanta da ƙarfi, kowa ya san abin da ake nufi, aka dangwala.

Gwaji na biyu kuwa ban ga komai ba, ji kawai na yi, don ni ma a bayan katanga nake. Sale ya tayar da inji, tiyo ya kumbura ya shige ta rariya, sai muka ji ihu da faɗuwar kwanuka, sannan dariya ta ɓarke. Daga baya Tasalla ta ce tiyon ya kayar da mata biyu, ya jiƙe shanyar yini guda. Sale yana ta ɗaga murya yana koya wa mutanen da ba ya gani yadda ake taka tiyo da ƙafa a riƙe bakinsa, daga ciki ana ce masa ya rage surutu ya rage ruwa. Sai da aka maimaita a ranaku daban-daban kafin bugun duro da hannun Sale suka fahimci juna. Mutanen gari suna wucewa suna mana dariya, wai Akawu ya sa ana yi wa katanga ban-ruwa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana iska mai zafi, Malam Hudu ya kai albasa Garun Mallam. Sale ne ya kira ni, kalma biyu ya faɗa ya kashe. Kafin in iso a kan babur, na hango hayaƙin daga nesa, baƙi ƙirin, ba irin na kullum ba. Injin yana ta ruri a bakin kanal, tiyo yana cikin rariya, yara suna waje a gindin bishiya tare da tsohuwar nan suna kuka. Wannan ɓangaren ya tafi yadda aka rubuta.

Abin da ba mu rubuta ba shi ne jama'ar gari. Sun cika ƙofar gida da bokitai, kowa yana cewa a shiga. Cikinsu har da mazajen da suka ce in namiji ya shiga za su janye matansu, yanzu su ne a gaba suna turawa. Ni da mai unguwa muka tsaya a bakin soro muka tare hanya. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa yin abin da ya fi wannan ɗaci ba, gida yana ci da wuta a bayana ni kuma ina hana masu taimako wucewa. Wani ya ce min in wani abu ya samu matarsa ni ne. Na ce ya saurara, ai ana buga duro. Kuma ana bugawa, da sauri da sauri, muna jin injin Sale yana ƙara ƙara. Muddin ana bugun nan akwai masu tsaye a ciki, kuma Tasalla ba ta buɗe ƙofa ba. Tsoro nake ji sosai, idona yana kan ƙofar cikin soro.

Can sai bugun ya ragu, ya koma a hankali. Sannan ya tsaya gaba ɗaya. Hayaƙin ya fara yin fari. Sai muka ji ana zare sakata, ƙofa ta buɗe, Tasalla ta fito jiƙe sharkaf, fuskarta duk baƙin toka, mayafinta ya ƙone ta gefe. Jama'a suka yunƙuro za su shiga. Ta ɗaga hannu ta tsaya a tsakiyar ƙofar.

Ta ce, "Ku tsaya inda kuke. An kashe. Kowa lafiya."

Rumfar ɓuntu ta tafi gaba ɗaya, rufin ɗaki ɗaya ya ci ta gefe, buhuna da yawa sun jiƙe sai an sake shanya su, wata mata ta ƙone a hannu aka kai ta asibiti aka sa mata magani. Amma shinkafar mutane tana nan, gidan yana tsaye, kuma babu sawun namiji a tsakar gida.

Kafin magariba Malam Hudu ya sauka daga mota ya taho da sauri, hularsa a hannu. Bai tambayi abin da ya ƙone ba. Wajen mai unguwa ya fara zuwa, ya ce wa ya shiga? Mai unguwa ya ce babu kowa, ga jama'a nan shaida. Ya shige ciki ya daɗe. Da ya fito sai ya zagaya baya, muka bi shi, ya tsaya yana kallon tiyon da har lokacin yake cikin rariya. Ya yi wa Sale godiya, ya yi wa 'yan kurkura godiya ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka. Ni ina gefe na gyara tsayuwa, don ba zan ɓoye muku ba, na sa rai. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "To Akawu, hankalinka ya kwanta? Ka yi ta kiranta har ta zo."

Na ce Malam Hudu, ko sunanta ban rubuta ba, kai ka hana. Ya ce ai ba sai na rubuta ba, tana bakina. Wasu a wajen har da gyaɗa kai. Na hau babur ɗina na tafi gida raina a ɓace, na rantse ba zan sake taka ƙauyen da jaka ba. Washegari da safe aka gaya min hayaƙin turara ya tashi a gidan kamar kullum, matan duk sun dawo aiki, har da mai bandeji a hannu.

Wannan ita ce sana'ar da kuke cewa kafin shayi ya huce. Rubutun da ke takardar nan bai cika shafi biyu ba, kowannenku zai buga shi da babban yatsa yana tafiya. Amma kafin a same shi sai da aka yi sallama da tiyo a hannu, aka ɓata da mai albasa, aka jiƙe shanyar mutane, kuma wadda ta warware shi ko karatun boko ba ta yi ba balle ta riƙe waya irin taku. In kun shiga aikin, kada ku sa ran godiya. In abin bai faru ba a ce kun ɓata wa mutane lokaci, in ya faru a ce bakinku ne.

Rantsuwar tawa ba ta yi nisa ba, sai da na yi kaffara. Bayan 'yan makonni aiki ya bi da ni ta bakin kanal ɗin, sai na hango mutum tsugune a bayan katangar gidan da kwanon siminti. Malam Hudu ne da kansa. Ya gyara bakin tsohuwar rariyar ya shafe ta sumul yadda tiyo ba zai maƙale ba, kuma ya huda wata sabuwa can gaba, daidai bayan ɗakin buhuna. Na tsayar da babur na yi sallama. Ya amsa a daƙile, bai ɗago ba, yana ta shafa siminti.

Ya ce, "Ka ƙara a takardar taka. Biyu ne yanzu."

Na buɗe baki zan ce Allah ya sa kada a taɓa buƙatarta. Ya ɗago cokalin ginin ya nuna ni da shi.

"Kai dai rufe bakin nan naka. Je ka rubuta kawai."

Na haɗiye addu'ata, na tayar da babur, na tafi na rubuta.